Tsakanin C300 2015 da GLK 350, wanne inji ne zai jure man mu da zafin Zariya?

Dan_Hanwa:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu Benz da makanikai a taimaka min da shawara. Na saida Camry ɗina ina so in ɗan matsa gaba, toh wani dila a Kaduna ya turo min hoton motoci guda biyu duk Beljiyam ne ba a taɓa hawansu a nan ba, ɗaya C300 ce 2015 ɗaya kuma GLK 350 ce 2013, kuɗinsu ba wani nisa sosai tsakani. Ni dai a ido C300 ɗin ce ta tafi da ni wlh, cikinta kamar ba mota ba, amma wani abokin aikina yace min injinta fo silinda ne mai turbo kuma wai fistin ɗinsa yana fashewa, wani kuma yace ƙarya ne GLK ɗin ce ma ke shan mai kamar ba gobe kuma tana ƙarar sarƙa da safe. Kowa da nasa zancen, shi dilan kuwa duk wadda na tambaya sai yace ai wannan ba ta da matsala Alhaji.

Zirga-zirgata daga Hanwa zuwa Kongo ne kullum, sai ƙarshen sati in leƙa Kaduna ko Kano, wani lokacin in shiga ƙauye wajen Giwa gaida tsofaffi. Abin da nake son sani, miye ainihin bambancin injinan nan biyu, wace matsala aka san kowanne da ita, kuma akwai mai iya gyara su a Zariya ko sai an riƙa ɗaukar mota ana kaiwa Abuja? Nagode.

Sarkin_Corolla:

Wa'alaikumussalam. Malam kai da ka fito daga Toyota lafiya lau me ya kai ka? Camry ko ƙarƙashin bishiya a Agoro ka tsaya yaro zai gyara maka ita da sifana biyu. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubda ruwa. In dai lallai sai ka hau babbar mota ka nemi Lexus RX 350 ko ES 350 ka huta, injin 2GR ne V6 lita 3.5, shi ne dai na cikin Camry V6 da Highlander, kayansa har Sabon Gari akwai. Nidai nawa kenan.

Oga_Injin_Kwangila:

Sarkin Corolla ka bar bawan Allah ya hau abin da ransa ke so mana, tambaya yayi akan Benz ba akan Lexus ba.

Malam Dan Hanwa bari in maka bayani dalla-dalla don aikina kenan. Abu na farko ka daina kallon sunan da aka liƙa a bayan but, ka riƙa tambayar lambar inji. C300 kaɗai in ka ɗauki na Amurka waɗanda su ne suka cika ƙasar nan, daga 2008 zuwa 2021 inji huɗu ne daban-daban suke amsa sunan. Daga 2008 zuwa 2012 M272 ne V6 lita 3.0 mai ƙarfin doki 228, na 2013 da 2014 M276 ne V6 lita 3.5 amma an rage masa ƙarfi zuwa 248, daga 2015 zuwa 2018 sai suka koma fo silinda lita 2.0 mai turbo wato M274 doki 241, daga 2019 zuwa 2021 kuma M264 doki 255. Shiyasa zaka ji mutum biyu suna musu akan C300 har jijiyar wuya ta tashi alhali kowa injin da yake magana akai daban.

Toh naka biyun, C300 2015 M274 ne, GLK 350 2013 kuma M276 ne lita 3.5 ba turbo, doki 302. In da GLK ɗin 2010 zuwa 2012 ce da M272 za ka samu a ciki mai doki 268, ka lura da wannan don ana yi wa tsohuwar kwaskwarimar fuska a sa mata fitilu da bamba na 2013 a saida ta a matsayin sabuwa, buɗe bonet kawai zai tona asiri ko ka duba lambar cesis.

M276 a 2010 ya fito, shi ya gaji M272. Sun canza kusurwar V ɗin daga digiri 90 zuwa 60, hakan yasa suka cire balans shaf, wato sandar da ke rage girgizar inji, gaba ɗaya, wanda shi ne ya wahalar da masu M272 na farko-farko irin su ML350 da E350 na wajen 2006, haƙoran giyarsa su cinye sai an sauke inji kafin a canza. M276 ba shi da wannan ciwon. Nasa ciwon guda uku ne da aka fi sani. Na ɗaya ƙarar sarƙar tayimin in ka tada shi da sanyin safiya, zaka ji karrrr na daƙiƙa biyu zuwa biyar sai ta ɗauke, dalili baƙin mai yana zurarewa daga tenshina, wato abin da ke ɗame sarƙar, in mota ta kwana, kafin famfo ya sake cika shi sarƙa tana lilo. Kamfanin da kansa ya fitar da gyaran, a canza tenshinonin sama a sa wasu ƙananan bawul masu hana mai komawa baya. In an yi da wuri ba wani babban aiki bane, in aka bari ana cewa ai tana ɗaukewa da kanta sai ta ci giyoyin kamshaf ɗin nan masu juya tayimin, su kuma guda huɗu ne kuma ba araha.

Na biyu shi ne wanda mutane ba sa gani, baƙin mai yana tsattsafowa ta cikin sensa da maganaɗisun kamshaf da ke gaban inji ya shiga cikin waya, ba wajenta ba fa, cikin zaren wayar yake bi a hankali har ya kai burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Mota ta fara kawo cek injin iri-iri marasa kan gado, yau sensar salansa gobe misfaya, a yi ta canza kaya ba a dace ba. Ranar da za ka duba motar ka sa a zare soket ɗin sensar nan na gaban inji ka leƙa, in ka ga jiƙe da mai to a zare na burenbos ma a gani. Wannan M276 da M274 duk suna yi, har M272. Na uku yoyon mai a murafun gaba na sama, silikon ɗin ne ke sakewa, wannan ƙaramin abu ne.

M274 kuma, inji ne mai daɗin tuƙi ba ƙarya, ƙarfin jansa 370 Nm daidai da na V6 ɗin kuma tun daga ƙasa yake bada shi ba sai ka taka totur sosai ba. Amma ka yi lissafi, lita 2.0 ake matsawa ya yi aikin da lita 3.5 ke yi, zafi da matsin da ke kan kowane fistin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Maganar fashewar fistin ba ƙirƙira bace, an samu a can Amurka ma inda mansu ke da kyau har an kai ƙara kotu akai. Ba kowanne ke yi ba, da yawa suna tafiya lafiya, amma in yayi to magana ta koma sauke inji ko neman wani. Bayan wannan akwai bawul ɗin numfashin inji, kwamfuta na nuna P052E, abin kansa ba tsada can ba amma inda aka cusa shi sai an kwance abubuwa da yawa kafin hannu ya kai. Sai tamostat da wata-famfo, sai shi ma ƙarar giyar kamshaf da safe.

In ni ne kai da hanyar Giwa a lissafi da irin man da muke sha, GLK zan ɗauka ban ko waiwaya.

Hajiya_W205:

Oga na Kwangila na gaishe ka da aiki, amma ka tsorata shi da yawa gaskiya. Ni C300 2016 nake hawa tun kafin a cire tallafin mai a 2023 kuma har yau ba a taɓa buɗe min inji ba alhamdulillah, Samaru zuwa cikin gari, Kaduna, har Abuja ina zuwa da ita. Abin da ba ka faɗa masa ba shi ne maganar mai, kuma yanzu ita ce maganar. A takardar gwajin Amurka C300 na yin wajen kilomita 10 a lita ɗaya cikin gari, 14 a babban titi, GLK kuwa wajen 8 cikin gari 10 da ɗan wani abu a titi. Namu na nan da go-sulo na PZ da Kwangila da esi a kunne duk sai ya faɗi ƙasa da haka amma dai tazarar tana nan, mutumin da zai yi Hanwa zuwa Kongo kullum a ƙarshen wata sai ya ji a aljihunsa.

Abin da nake yi ba wani sirri bane. Ba na shan man bumburutu ko da zan kwana a layi, gidan mai biyu kawai na sani a garin nan nake zuwa. Juye kuma ba na jiran mota ta ce min lokaci yayi, ita lissafin can ƙasarsu take yi na mil dubu goma, ni kilomita dubu biyar zuwa shida na juye, kuma da kaina nake sayen man in tsaya a zuba a gabana, wanda aka rubuta 229.5 a bayan galan, 5W-40 ko 0W-40. Filtar iska lokacin hunturu kowane juye sai an ciro an duba saboda ƙura, turbo ba ya shiri da ƙura ko kaɗan. In na dawo daga tafiya mai nisa ba na kashe ta nan take sai ta ɗan yi silo na minti ɗaya ko biyu.

Inda zan yarda da kai ɗaya ne, motar a ƙasa take sosai. Da damina akwai layukan da ba na shiga a Hayin Dogo, kuma wasu bam ɗin da ake yi a unguwanni sai na karkace nake hawa. In ƙauye zai riƙa shiga da gaske to wannan ba maganar inji bace ma.

Dan_Hanwa:

Kai jama'a nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya kin ƙara dawo min da C300 ɗin cikin rai bayan Oga ya fitar da ita. Oga tambaya ɗaya, naga a murfin tankin duk biyun an rubuta premium 91, wato lambar ingancin fetur ɗin da za a zuba, wani yace min ai man Najeriya ma 91 ne saboda haka ba matsala, haka ne? Sannan ranar da zan je Kaduna me da me zan duba takamaimai, don ni iyakacina in zagaya mota in buga taya da ƙafa.

Oga_Injin_Kwangila:

Hajiya Allah ya ƙara lafiya, ai ke irin ki ɗaya ce cikin goma, yawanci sai fitila ta kama ja suke neman mu. Kuma motarki a hannunki ta daɗe kin san abin da ta ci, shi kuwa zai sayi wadda ta yi shekara goma a hannun wanda bai sani ba.

Malam maganar 91 ɗin nan ma'auni biyu ne. Amurka da nasu lissafin, 91 ɗinsu in ka juya shi zuwa ma'aunin RON da mu da Turai muke amfani da shi wajen 95 ne. Mu kuma a gidan mai famfo ɗaya ne ba zaɓi, abin da tanka ta kawo shi zaka sha. Injin yana da sensa mai jin ƙwanƙwasa, in mai bai kai ba burenbos sai ya ja tayimin baya don ya kare kansa, shiyasa motar zata tafi amma ƙarfi ya ragu shan mai ya ƙaru. V6 ɗin ma matsinsa sama yake wajen 12 bisa 1, ba wai shi man banza yake so ba, sai dai ba turbo da ke ƙara dura masa iska mai zafi. Ka ɗauki watan Afrilu ƙarfe biyun rana zafi ya doshi 40, ka cika mota da iyali esi na aiki, ka fito Kwanar Dangora kana son wuce tirela ka take totur har ƙasa daga ƙaramin gudu, wannan lokacin ne fistin ɗin ƙaramin inji mai turbo yake shan azaba in man ba shi da kyau. Kuma kowa ya tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da mai mai methanol da yawa motoci suka yi ta lalacewa.

Duk biyun kuma dairek injekshin ne, nozul ɗin cikin silinda yake fesa mai kai tsaye da matsi har bar 200, akwai famfon mai na biyu a jikin inji banda na cikin tanki. Ba irin nozul ɗin Camry bane da za a ciro a wanke da fetur a hura a mayar, kar ka bari kowa ya taɓa maka su da sunan sabis. Fulogi ma haka, a sa na asali a ɗaure da ma'auni don bakinsa akwai inda ake so ya kalla a cikin silinda, a V6 ɗin sai an ɗaga manifol kafin a kai gare su.

Ranar dubawa kuwa ga yadda zaka yi. Ka ce wa dilan kar a tada motar kafin ka zo, kuma ka yi sammako ka isa kafin su buɗe, Zariya zuwa Kaduna ai ba nisa. Da ka isa ka buɗe bonet ka ɗora tafin hannunka akan inji, in ka ji ɗumi to an riga ka, ka ce sai gobe. Kai ka tsaya a gaban mota bonet a buɗe wani ya murza, kunnenka na wajen gaban inji, daƙiƙa biyar ɗin farko su ne duk abin da kake nema. Bayan nan a sa mata kwamfuta ta Benz ta gaske wadda ke shiga kowane sashe, ba ƙaramar nan ta waya ba, kuma mai dubawar ya duba ko kwanan nan aka goge laifuka. Buɗe murfin zuba mai ka haska da tocilan waya, ƙarfen ciki ya zama ruwan zuma, in ka ga baƙin dasƙare kamar kwalta ka rufe ka yi sallama. A C300 ɗin ka biya a gwada kamfireshan, wato ƙarfin matsin iska, na silinda huɗun duka, in ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran kar ka saurari wani bayani. Ka sa a ɗaga ta a leƙa ƙasa, musamman GLK, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yana ruɓewa da tsatsa in motar ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. Sannan lambar cesis a bincika a intanet, da yawa motocin gwanjon inshora ne, mai hatsari da sauƙi akan wadda ambaliya ta shanye. Mita kuma mil take ƙirgawa, in ka ga 100,000 to kilomita 160,000 kenan, in ma ba a mayar da ita baya ba.

Rewaya_Tudun_Wada:

Ƙarin bayani kaɗan akan na Oga tunda ɓangarena ya taɓo. Yawancin Benz ɗin da ake kawo min ba ita ta lalace da kanta ba, hannu ne ya lalata ta. An kawo min wata GLK kwanaki daga wani gareji da ba zan faɗi suna ba, tamostat ya samu matsala sai suka cire shi gaba ɗaya suka haɗa fanka dairek wai ƙasarmu da zafi, suka cika lagireto da ruwan rijiya. Mota ta koma ba ta kai zafin da aka tsara mata, burenbos yana ganin har yanzu inji da sanyi yana ta ƙara mai, fulogi sun yi baƙi ƙirin, mai shi yana kukan shan mai, fanka kuma tana ihu tun daga tada mota har kashewa. Da muka zare tiyo ruwan da ya fito ja ne kamar na kududdufi. Kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, ake sawa Malam, ba ruwa zalla ba, injin alminiyom ne.

Haka masu cewa a fasa indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da ke cikinta, a saida wai mota zata ƙara gudu, fitilar cek injin ba zata sake mutuwa ba daga ranar. Da masu wanke inji da injin feshi a wajen wankin mota, da masu cire kan batir mota na aiki don su gwada caji, wannan a Benz ganganci ne. Kuma ka duba ko 4Matic ce, wato mai ja da ƙafa huɗu, in ita ce tayoyi huɗun su zama girma ɗaya cin su ɗaya, don abin da ke raba ƙarfi gaba da baya a cikin giyabos ɗin yake, in ya lalace aikin giyabos ne.

Maganar masu gyara, juye da birki da ƙafa da sensa duk ana yi a Zariya akwai masu kwamfutar. Kaya ne dai ba kasafai zaka samu a ajiye ba, sai an aiko daga Panteka ko Kofar Ruwa, wani abun sai Ladipo a Legas ko Apo a Abuja, ka sa a ranka mota zata iya kwana biyu uku tana jiran saƙo.

Sarkin_Corolla:

Kun gani ko, duk wannan karatun kafin a sayi mota ɗaya. Ni ranar da na sayi tawa makulli kawai na murza na taho gida.

Dan_Hanwa:

Hhhh Sarki ka ƙyale ni dai. Na kira dilan yanzu, GLK ɗin 4Matic ce mil 118,000 wai, C300 ɗin kuma ba 4Matic bace. Nace masa kar a tada ko ɗaya ran Asabar sai na zo, sai ya fara cewa ai batirin GLK ɗin yayi sanyi dole su ɗan tada ta su caja tun Juma'a da dare, nace ba komai zan taho da batir. Oga in kana da sarari ran Asabar ɗin mu tafi tare in biya ka kuɗin ranarka, zan ɗauke ka a Kwangila bayan asuba, ka taho da kwamfutar da abin gwada kamfireshan ɗin don C300 ɗin ma ina so a gwada ta.